Gadali da Ciwon Jiri a Ƙasar Tuboro: Tarihin Suna Ɗaya Mai Tsirrai da Yawa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausawa a Garwa ko a Tuboro, zai yi wuya a ce bai taɓa ganin wata shuka mai dogayen ganye kamar lawashin albasa ba, an dasa ta a tsohuwar tukunya ko fasasshen kwano a bayan ɗaki. Ba a miya da ita, kuma akan hana yara taɓa ta. Idan aka tambayi maigida sunanta, sai ya ce gadali ne. Mutane suna ajiye shi don tsari, ko farin jini, ko kasuwa, wasu kuma don maganin ciwon jiki. Daga cikin cututtukan da ake nemansa dominsu akwai jiri, wanda a kansa wannan takarda za ta tsaya.

Na fara ganin ana magani da gadali ina yaro, a gidan wata goggona a Tuboro. Wata maƙwabciya ta shigo da hantsi tana dafa bango, ta ce, "Goggo, jiri ke ɗibana tun asuba." Tsohuwar ba ta tashi ta nufi tukunyar gadalin ba sai da ta zaunar da ita ta yi mata tambayoyi: "'Yar nan, ɗakin ne ke juya miki, ko idonki ne ke yin duhu? Kin karya? Kina da juna biyu?" Da ta gamsu da amsoshin, sai ta ɓanɓari ɗan ɓawon dunƙulen, ta daddage shi, ta jiƙa a ruwa, ta shafa mata a goshi da ƙeya, ta ce ta kwanta a inuwa. Ta kuma ja mata kunne cewa wannan ruwa na shafawa ne, kada ya kusanci bakinta. Bayan shekaru masu yawa na tsaya a gaban wani mai tallar magani a wata kasuwar yankin, ya tara dunƙule-dunƙule marasa ganye a kan buhu. Duk wanda ya ce masa yana fama da jiri, sai ya miƙa masa ɗaya ya ce ya dafa ya sha. Shi ma gadali ya kira su.

Tsakanin waɗannan abubuwa biyu akwai tarihi. Manufar takardar ita ce a bi sawun wannan tarihi, a nuna yadda sunan ya yi tafiya mai nisa ya bar ilimin da ke tare da shi a baya, da kuma abin da hakan ke koya wa mai nazarin harshe.

2.0 Tuboro da Zuwan Hausawa

Tuboro gari ne a kudu maso gabashin Garwa, a gundumar Mayo-Rai ta yankin Arewa na ƙasar Kamaru. Yana bakin kogin Bina, kusa da inda iyakokin Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya suka haɗu. Ƙasa ce mai ni'ima idan aka kwatanta ta da Marwa ko Kano, domin ruwan saman da take samu a shekara ya haura milimita 1,000, kuma tana da fadamu da yawa. Mutanen da aka tarar a wurin tun asali su ne Mbum da danginsu.

Fulani makiyaya sun daɗe suna shigowa kwarin Binuwai da shanunsu kafin jihadi. A farkon ƙarni na 19 ne Arɗo Buba Njidda, na zuriyar Yillaga, ya kafa garin Rai, wanda ya zama Rai Buba, masarautar da har yau Tuboro ke ƙarƙashinta ta fuskar sarautar gargajiya. Wajen shekarar 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a 1841 ya kafa Yola, ya rasu a 1847. Ƙasar da ya shugabanta, wato Fombina ko Adamawa, ta haɗa Garwa da Rai Buba da Ngaundare da Tibati da Banyo, ko da yake sarakunan Rai sun sha nuna wa Yola taurin kai.

Kafuwar wannan daula ita ta buɗe wa Hausawa hanya. Fatake daga Kano da Katsina da Zariya suka riƙa zuwa da tufafi da kanwa da kayan koli, suna komawa da hauren giwa da bayi, daga baya kuma da goro. A watan Yuni na 1851 Baturen Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya ƙetare Binuwai ya isa Yola, a lokacin da wannan fatauci ke ci gaba. Bayan fatake sai masu sana'a suka biyo: mahauta, da maɗinka, da malamai, da wanzamai, da 'yan magori. Waɗannan na ƙarshe su ne suka fi shafar maganarmu. Wanzami ko ɗan magori da ya bar Katsina ya sauka a kwarin Binuwai, ya zo ne da sunayen itatuwan ƙasarsu a ka, ya tarar da daji mai tsirrai da bai saba gani ba. Dole ya koya daga waɗanda ya iske, wato Fulanin daji da Mbum. A irin wannan cuɗanya ce kalmomi suke sauya gida.

Jamusawa sun kama Garwa a 1901. A watan Yuni na 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace ta, daga nan yankin ya koma hannun Faransa har zuwa samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairu, 1960. Iyakar da Turawa suka ja ta raba Garwa da Yola, amma ba ta hana mai magani da jakarsa wucewa ba.

3.0 Asalin Kalmar Gadali

Siffar kalmar tana nuna cewa daga Fulatanci Hausa ta aro ta. A Fulatancin Adamawa ana cewa gaadal, jam'i kuma gaade. Ɗafin -al na ƙarshe alama ce ta wani rukunin sunaye a harshen, kamar yadda ake samu a leggal, wato itace, da gertogal, wato kaza. Ke nan kalmar ta zauna daram a tsarin nahawun Fulatanci, ga tilo ga jam'i. Hausa kuwa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa takan liƙa -i a ƙarshen kalmar aro. Haka ta yi wa kalmomin Larabci da suka zama alƙalami da hakimi, haka ta yi wa buurtol na Fulatanci ya zama burtali. Ta wannan hanya gaadal ya zama gadali. Ba shi kaɗai ba ne, domin goggo da kawu da baffa da kindirmo duk ta ƙofar Fulani suka shigo.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ma'anar. Masu nazarin harshe da tsirran Arewacin Kamaru, irin su Henry Tourneux da Christian Seignobos, sun nuna cewa gaadal suna ne na rukunin tsirrai, ba na shuka guda ba. Yawancinsu masu dunƙule ne a ƙasa kamar albasa, musamman dangin da masana ke kira Crinum, amma sunan yakan haɗa har da wata yaɗo mai gaɓa-gaɓa mai kusurwa huɗu, wato Cissus quadrangularis, wadda ba ta da dangantaka da albasa ko kaɗan. Abin da ya haɗa su shi ne aikin da mutane suke ba su: ana dasa su a gida ko a ruga don tsari da neman sa'a da magani. Ƙabilun duwatsun Mandara su ma suna dasa irin waɗannan tsirrai kusa da gidajensu, da sunayensu na kansu.

Ba a rasa dalilin da ya sa aka ɗauki waɗannan tsirrai da girma ba. Da rani ganyensu yakan bushe ƙurmus, gobarar daji ta bi ta kansu, amma da saukar ruwan farko sai su tofo, wasu ma fure ke riga ganye fitowa. Dunƙulen yakan yi watanni a cikin jaka bai mutu ba. Makiyayi zai iya tono shi a wannan mashekari ya dasa a wancan. Shukar da ta mutu ta dawo, kuma take bin mai ita duk inda ya je, ba abin mamaki ba ne a ce an ga wani sirri a tare da ita. Yana da kyau ɗalibi ya lura cewa a Fulatanci kalmar lekki tana nufin bishiya, tana kuma nufin magani.

Hausa tana da nata sunaye na asali ga wasu daga cikin waɗannan tsirrai, kuma sun fi gadali tantancewa. Akwai albasar kwaɗi, mai fitowa a fadama, mai farin fure da ratsin ja a tsakiya. Akwai albasar kura, mai fitar da dogon zangarniya da ƙananan furanni. Akwai kuma baurairai, mai yaɗo da jan fure kamar harshen wuta, wadda saiwarta mai lanƙwasa ta sa ake kiranta gatarin kurege. Jingina shuka ga kwaɗo ko kura dabara ce ta Bahaushe ta cewa wannan abu ya yi kama da na ci, amma ba na mutane ba ne. Sunan da kansa gargaɗi ne. Idan aka tattara su duka aka ce gadali, gargaɗin ya ɓace.

Turawa ma suna da irin wannan sakaci. Kalmarsu ta lili sukan ba albasar kwaɗi, su ba baurairai, su ba har bado na cikin tafki, alhali a wurin masana tsirrai dangi uku ne daban-daban. Saboda haka duk wanda ya fassara gadali da lili, ya musanya suna mai faɗi ne da wani mai faɗi, bai kusanci shukar ba.

4.0 Jiri a Harshen Hausa

Yadda sunan maganin yake da faɗi, haka sunan ciwon. Hausa tana da jiri da juwa da hajijiya. Hajijiya tana da alaƙa da juyawa, shi ya sa wasan da yara ke yi na jujjuyawa har su faɗi ake kiransa da wannan suna. Jiri kuwa yakan ɗebi mutum ko ya kwashe shi, kamar wani abu ne daga waje. Akan kuma ce ido ya yi duhu, ko mutum ya yi luu zai faɗi. A asibitocin Garwa da Tuboro, inda Faransanci ne harshen aiki, duk waɗannan sukan koma kalma ɗaya a takardar likita.

Tsofaffin masu magani ba su ɗauki jiri a matsayin ciwo guda ba. A bakinsu na ji ana rabe jirin yunwa da jirin rana da jirin jini da wanda ake dangantawa da iska. Na yunwa kunu ne maganinsa, na rana inuwa da ruwa. Na jini wurin wanzami ake kai shi a yi ƙaho a ƙeya. Na iska kuma akan nemi malami ko boka, a yi rubutu ko hayaƙi. Tambayoyin da goggona ta yi wa maƙwabciyarta, wannan rabe-raben take yi kafin ta taɓa shuka.

Likitancin zamani ma rabewa yake yi. A 1861 wani likitan Faransa, Prosper Ménière, ya nuna cewa jirin da ke sa mutum ya ga duniya tana juyawa yakan taso ne daga can cikin kunne, inda ma'aunin daidaiton jiki yake, alhali kafin nan ana ɗora laifin a kan ƙwaƙwalwa. Wanda kuwa idonsa ke yin duhu idan ya miƙe, sau da yawa jini ne bai isa kansa sosai ba, saboda ƙarancin jini, ko ƙishirwa, ko faɗuwar bugun jini. Zazzaɓin cizon sauro da saukar sukari a jiki su ma suna kawo jiri. A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu kan wuce digiri 40, rashin ruwa a jiki kaɗai ya isa. Haka kuma mai ciki da ke jin jiri tare da ciwon kai da kumburin ƙafa da fuska, tana iya kasancewa a bakin jijjiga, wadda ke kashe uwa da ɗa. Tambayar "ɗakin ne ke juyawa ko idonki ne ke duhu?" ita ce kusan tambayar farko da likita zai yi a yau. A nan tsohuwar da likitan sun haɗu. Inda suka rabu shi ne ƙaho, domin zubar da jinin wanda jirinsa na ƙarancin jini ne ƙara masa ciwo yake yi.

5.0 Yadda Gadali ya Shiga Littattafai

Malaman daular Sakkwato sun yi rubutu a kan magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa a kan ciwon ido da basur da amfani da filasko. Sai dai ilimin tsirran daji mafi yawansa a baka ya zauna, daga uwa zuwa 'ya, daga maigida zuwa bara, kuma da yawa akan ɓoye shi don sirri ne na sana'a.

Zuwan Turawa ya kawo wata hanyar adanawa, wato a tsinko shuka a busar da ita a tsakanin takardu, a rubuta inda aka samo ta. Tsakanin 1908 da 1909 Carl Ledermann ya zagaya Kamaru har Garwa yana tara tsirrai, aka kai su ma'adanar tsirrai ta Balin. A watan Maris na 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bom ya faɗa wa ma'adanar, mafi yawan abin da ke ciki ya ƙone. Wannan ya nuna cewa ko abin da aka adana a Turai yana iya salwanta.

Ta ɓangaren Hausa, babban aiki shi ne na John McEwen Dalziel, likita ɗan ƙasar Sikotilan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa. A 1916 ya buga ƙamusun sunayen tsirrai na Hausa, inda ya haɗa kowane suna da takwaransa na Latin. A ciki ya ba albasar kwaɗi sunan Crinum yuccaeflorum, ya sa albasar kura a dangin Urginea, baurairai kuma Gloriosa superba. A 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, wanda H. M. Burkill na lambun Kew ya sabunta ya faɗaɗa daga 1985. Fifikon Dalziel a kan masu ƙamus na harshe zalla shi ne, yana riƙe shukar a hannu lokacin da yake rubuta sunan.

Amma sunayen Latin ma ba su tsaya wuri ɗaya ba. A 1980 wata masaniya 'yar ƙasar Norwe, Inger Nordal, da abokin aikinta suka buga nazari a kan dangin Crinum a Kamaru, kuma ita ce ta rubuta babin wannan dangi a jerin littattafan tsirran Kamaru a 1987. A yau shukar da Dalziel ya kira yuccaeflorum an fi saninta da Crinum ornatum, a wasu littattafai kuma za a gan ta da sunan zeylanicum. Ita ma albasar kura an mayar da ita dangin Drimia. Ɗalibin da ya ga sunaye uku a littattafai uku, kada ya zaci tsirrai uku ne. Matsalarsa kishiyar ta mai sayen gadali ce a kasuwa: shi yana da sunaye da yawa a kan shuka ɗaya, wancan yana da suna ɗaya a kan tsirrai da yawa.

6.0 Abin da ke Cikin Dunƙulen

Binciken kimiyya ya tabbatar da cewa waɗannan tsirrai suna da ƙarfi, kuma ƙarfin nasu ya sha bamban. Dangin albasar kwaɗi suna ɗauke da sinadarai masu ɗaci, ciki har da laikorin, wanda ke sa tashin zuciya da amai da zawo idan aka sha. Daga wani ɗan uwansu na ƙasashen sanyi aka samo galantamin, wanda aka fara sarrafawa a Bulgeriya a ƙarshen shekarun 1950, kuma a 2001 Amurka ta amince a ba masu cutar mantuwa ta tsufa. A 2004 masu bincike daga Landan da Nijeriya sun gwada nau'i biyu na Crinum da Yarbawa ke amfani da su don mantuwa, suka tarar wasu sinadaransu suna rage aikin wani sinadari na jiki, wanda shi ke share saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. Irin waɗannan gwaje-gwaje a ɗakin bincike aka yi su, kuma sun shafi mantuwa ne. Abin lura kuma shi ne, daga cikin illolin da aka sani galantamin yana jawowa akwai jiri da amai. Wato abin da ake sha don jiri yana iya kawo jirin.

Albasar kura ta fi haɗari, domin sinadaranta zuciya suke taɓawa, su rikita bugunta. 'Yar uwarta ta bakin tekun Bahar Rum an daɗe ana maganin ɓera da ita a Turai. Baurairai kuwa tana ɗauke da kolcisin, wanda likitoci ke ba masu wani ciwon gaɓɓai a ɗan ƙanƙanin awo, amma cin saiwar yakan kashe mutum. A Siri Lanka da Indiya an sha samun waɗanda suka mutu bayan sun ci ta.

Da damina, mai ido zai rabe waɗannan tsirrai da ganyensu da furensu. Da rani kuwa, a kan buhun mai talla, albasar kwaɗi da albasar kura dunƙule ne kawai mai busasshen ɓawo. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Idan aka dubi wannan, za a fahimci hikimar dasa gadali a tukunya a gida: mai shi ya san daga hannun wa ya karɓo, ya ga furensa shekara da shekaru. Za a kuma fahimci dalilin da ya sa tsohuwar ta tsaya ga shafawa ta hana sha.

7.0 Auduga, Kwalta da Kasuwa

Abubuwa uku suka sauya ƙasar Tuboro a cikin shekaru hamsin da suka wuce, kuma kowannensu ya taɓa maganar gadali.

Na farko auduga. Faransawa sun fara yaɗa nomanta a Arewacin Kamaru a farkon shekarun 1950, a 1974 aka kafa kamfanin Sodecoton mai hedikwata a Garwa. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka shiga shirin raya kudu maso gabashin Binuwai, aka yi hanyoyi, aka kafa injin gurzar auduga a Tuboro, dubban manoma daga Arewa Mai Nisa, kamar Tupuri da Mafa, suka yi ƙaura zuwa yankin. Kowace ƙabila ta zo da tsirranta da sunayenta, kuma da yake Fulatanci ne harshen kasuwa, duk suka shige ƙarƙashin gaadal. Auduga ta kawo wani sabon jiri da kakanni ba su sani ba, wato na maganin feshi. Manomin da ya yi feshi babu kariya yakan dawo da jiri da ciwon kai da gumi da dalalar miyau. Wasu daga cikin magungunan feshin suna aiki ne ta hanyar danne wannan sinadari mai share saƙon jijiya da aka ambata a sama. Ƙarfin gadali bai kai nasu ba, amma hanya ɗaya suke bi, ga kuma aman da zai ƙara wa mara lafiya, ga ɓata lokaci. Irin wannan manomi abin da yake bukata shi ne a cire masa tufafin, a wanke jikinsa da sabulu, a garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Na biyu tsadar magani. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, farashin magungunan da ake shigowa da su ya tashi. Mutane da yawa suka koma ga sassaƙe da saiwa, kuma sayar da su ya zama sana'ar da kowa ke iya shiga ko bai gada ba, ko bai yi bauta a gaban wani ba.

Na uku hanya. A tsakiyar shekarun 2000 aka kammala kwaltar da ta taso daga Ngaundare ta bi ta Tuboro ta shiga Mundu a Cadi. Kasuwar Mbaibum, wadda ke haɗa 'yan kasuwar Kamaru da Cadi da Afirka ta Tsakiya da Nijeriya, ta riga ta yi suna tun kafin nan. Dunƙulen da aka tono a wannan daji yana iya kwana a Yola ko Kano cikin 'yan kwanaki. Yanzu kuma ga wayar hannu, ana tallar gadali a Facebook da WhatsApp, mai saye bai ga mai sayarwa ba, balle a tambaye shi ko ya karya. Da ma an ce magori wasa kanka da kanka, sai dai ɗan magorin da yana dawowa kasuwar mako mai zuwa, ana iya tsare shi a tambaye shi.

Hukumomi sun fara waiwayar al'amarin. Tun taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a jawo masu maganin gargajiya cikin kiwon lafiya, kuma daga 2003 ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta. A Disamba 2024 Kamaru ta kafa dokar da ta tsara yadda za a riƙa yin wannan sana'a. Amma doka ba za ta iya tantance magani ba sai an san wace shuka ake nufi da wane suna, kuma wannan aiki ne da ba zai yiwu ba sai da masu harshe.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa gadali kalma ce da Hausa ta aro daga Fulatanci a zamanin da fatake da wanzamai suka cuɗanya da makiyaya, kuma tun asali suna ne na rukunin tsirrai. An ga cewa jiri ma suna ne na cututtuka da yawa. Abin da ya sa maganin ya zauna lafiya a hannun tsofaffi shi ne abubuwa uku da suke tafiya tare da sunan: sanin shukar da ido, tambayar mara lafiya, da sanin iyakar yadda ake amfani da ita. Auduga da tsada da kwalta sun ɗauki sunan sun kai shi nesa, waɗannan ukun kuwa ba su shiga buhu ba.

Ga ɗalibin Hausa, darasin na aiki ne. Idan aka tura ka tattara kalmomi, aka ce maka wannan gadali ne, kada ka rufe littafinka. Tambayi wane gadali, me Bafulatani ke ce masa, me Mbum ke ce masa, yaya furensa, a ina yake fitowa, daga wa aka karɓo shi. Ɗauki hotonsa da damina, da izinin mai shi. Idan aka ce maganin jiri ne, tambayi wane jiri, sha ake yi ko shafawa, wa aka hana wa. Rubuta amsar da kalmomin mai maganar, kafin ka fassara. Matambayi ba ya ɓata. Tsofaffin da suka san waɗannan amsoshi a Tuboro da Rai Buba da Garwa suna raguwa kowace shekara. Goggona ta rasu, tukunyarta tana nan a bayan ɗaki, gadalin yana tofowa duk damina, amma a gidan babu wanda ya riƙe tambayoyin da takan yi kafin ta taɓa shi.